Daga Majigi Zuwa Dogon Zango: Yadda Kalmomin Fim Suka Shigo Bakin Bahaushe



Da yawa daga cikinmu da muka fara da gajeren labari ko littafin soyayya, yanzu hankalinmu ya karkata ga rubutun fim, don kuwa a nan ne ake ɗan samun na cefane. To amma duk wanda ya taɓa riƙe takardar labarin fim ɗin Hausa ya lura da wani abu. Maganar da 'yan wasa za su yi da Hausa take, amma kan kowace fitowa, da inda kyamara za ta tsaya, da ko dare ne ko rana, galibi da Turanci ake rubuta su. In aka je wurin ɗauka kuma sai kunne ya cika da lokeshan da sin da akshin da kot. Wasu a cikinmu suna ɗora laifin a kan lalacin 'yan fim, su wuce. A namu ganin maganar ta fi haka tsawo, tana da tarihi na sama da shekara 80. Ta ƙofa biyu kalmomin fim suka shigo Hausa: ƙofar masu kallo da ƙofar masu riƙe na'ura. Waɗanda suka biyo ta farkon Bahaushe ya tauna su ya mai da su nasa, wani lokaci ma ya ƙirƙiro sababbi. Na ƙofa ta biyu kuwa har yau da rigar baƙunta suke yawo.

Mu fara da majigi, domin a wajenmu mutanen Gwarzo da Kabo shi ne farkon abin. Asalin kalmar sunan wata fitila ce ta Turawa mai haska hotuna a jikin bango, wadda suke kira majik lantan, wato fitilar sihiri. Bahaushe ya yar da rabin sunan, ya lanƙwasa rabin da ya rage ya zama majigi. Wani jami'in kiwon lafiya Bature mai suna William Sellers ya riƙa amfani da fim a Legas tun wajajen ƙarshen shekarun 1920 don wayar da kan jama'a game da annobar da ɓeraye ke yaɗawa, kuma a 1939 gwamnatin Ingila ta ɗora shi a kan sashen shirya finafinai na ƙasashen da take mulka. Daga wannan tsari ne motar majigi ta fito: mota ce mai ɗauke da janareto da na'urar haskawa da farin ƙyalle da lasifika, tana bin garuruwan hakimai da manyan ƙauyuka. Dattawanmu na Gwarzo da Getso da Garo da suka riski zamanin suna ba da labarin yadda ake shela da rana, a taru a ƙofar fada bayan magariba, maza gefe, mata da yara gefe. Ana nuna tsabta da rigakafi da noman gyaɗa da auduga, daga baya kuma rangadin Sardauna. Fim ɗin Baban Larai, wanda aka yi don jawo manoma ga noman zamani, ta wannan hanya ya zagaye Arewa har sunan ya zauna a bakin mutane.

Abin lura ga marubuci a nan shi ne, Sellers ya gindaya wa masu shirya waɗannan finafinai ƙa'idoji: kada kyamara ta yi yawan motsi, kada a yi saurin tsallakawa daga hoto zuwa hoto, wai don a tunaninsa mutumin ƙauye na Afirka ba zai gane ba. Wanda aka ɗauka ba zai iya fahimtar hoto ba kuwa, ai ba za a zauna ana koya masa sunayen dabarun haɗa hoton ba. Hausar da ke cikin majigi ita ce ta mai bayani, wanda ke tsaye da makirfo yana fassara wa jama'a abin da ke kan ƙyallen. Abin da ke bayan ƙyallen, tun daga ɗauka har haɗawa, da Turanci ake gudanar da shi, a London da Legas, daga baya a Kaduna. Rabon aikin ke nan tun ranar farko, kuma bai canza sosai ba.

Motar ta mutu amma kalmar tana nan da ranta. Yau in malami ya haska darasi a jikin allo a kwaleji, ko aka haska ƙwallo a gidan kallo, majigi muke cewa.

A birni wani abu daban ke tafiya. An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937, 'yan Lebanon ne ke riƙe da harkar, kuma kuɗi ake biya a shiga. Ɗaya daga cikin sunayen da mutane suka fara ba abin shi ne dodon bango. Ku dubi wannan suna da kyau, babu ko harafi ɗaya na aro a cikinsa, kuma ya faɗi duk abin da mai kallo ya ji a ransa: ga wata halitta tana motsi a jikin bango, ba mutum ba, ba aljan ba. Da tsoro ya ragu sai sunan ya ja baya, silima ko sinima ta maye gurbinsa. Sai dai silima ta zo da nata nauyin. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a gidan silima na El Duniya, mutum sama da 300 suka rasu, kuma mutane da dama suka fassara abin da fushin Ubangiji. A wannan tsakanin ne aka gina Palace a cikin ganuwa, kusa da kasuwar Kurmi, malamai suka yi ta suka. Daga baya ginin ya koma asibiti. Shi ya sa a Hausar iyayenmu majigi da silima ba ɗaya ba ne, ko da yake na'urar iri ɗaya ce. Majigi na hukuma ne, hakimi na zaune ake kallonsa. Silima kuwa wurin 'yan iska ce a idon dattawa, har ɗan silima ya zama abin zagi. Marubucin da ya sa dattijon Kabo na 1960 ya ce “za mu je silima a ƙofar fada” ya yi kuskuren da mai shekara 70 zai gano nan take.

A cikin waɗannan gidajen silima ne finafinan Indiya suka kama zukata tun shekarun 1950, irin su Mother India na 1957 da aka yi shekaru ana maimaita shi. Masu kallo ba sa jin Indiyanci, don haka suka gina nasu ƙamus. Akta shi ne wanda ba ya mutuwa, bos shi ne mugun da za a kashe a ƙarshe. Manyan 'yan wasan ma suna aka raɗa musu: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin, Rishi Kapoor kuwa Mace aka kira shi. Ba wata hukuma da ta zauna a kan wannan, 'yan kallo ne kawai a kan benci.

Da talabijin ya zo, masu kallo ba su sha wahala ba, sun ɗauko abin da rediyo ya riga ya shimfiɗa. An buɗe tashar Ibadan a 1959, ta Kaduna a 1962, aka haɗe tashoshin ƙasa a ƙarƙashin NTA a 1977, sannan gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano a farkon shekarun 1980, wanda yanzu ake kira ARTV. Akwatin rediyo ya haifi akwatin talabijin, gidan rediyo ya haifi gidan talabijin, shiri ya ci gaba da zama shiri, mai gabatarwa mai gabatarwa. Samanja na Usman Baba Pategi, da Karambana na Ƙasimu Yero, da Kuliya Manta Sabo a Kano, duk wasan kwaikwayo ake ce musu, wasu su ce dirama. A garuruwanmu da wuta ba ta wadata ba, gida ɗaya mai akwati da batirin mota ya ishi unguwa, daga nan gidan kallo ya samo asali. Amma ma'aikatan da ke cikin ɗakin shirye-shirye da Turanci aka horar da su. Kwalejin talabijin ta NTA tana Jos, hukumar finafinai ta ƙasa da aka kafa a 1979 ita ma a Jos ta zauna, littattafan koyarwa da takardar da ke zuwa cikin kwalin kyamara duk Turanci ne. Mai kyamara Bakano ne, ɗan wasa Bakano ne, amma in za a fara sai an ce akshin.

A nan ne ya kamata mu marubuta mu tsaya mu dubi kanmu, domin a lokacin da ake wannan, rubutaccen wasan kwaikwayo na Hausa ya riga ya tanadi kalmominsa. Tun daga wasannin da Rupert East ya buga a shekarun 1930, zuwa Wasan Marafa na Abubakar Tunau, zuwa Uwar Gulma na Mohammed Sada da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, al'adar rubuta wasa ta kafu, kuma duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya san kashi na ɗaya, fitowa ta biyu. Malaman jami'a kuma sun yi nasu ƙoƙarin: jigo, salo, zubi da tsari, babban tauraro da ƙananan taurari. A 1990 aka buga ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa wanda Ɗalhatu Muhammad ya tsara. To me ya hana fitowa ta tsallaka daga aji zuwa wurin ɗaukar fim, har sin ta riga ta zama?

Amsar tana cikin yadda fim ɗin bidiyo ya fara. A shekarar nan ta 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, kuma shi ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na kaset. Marubuta ba su yi nisa da harkar ba. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, Bala Anas Babinlata da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu duk sun shiga. Sai dai a shekarun farko yawancin finafinai ba a rubuta su kalma bayan kalma. A gaya wa ɗan wasa ga abin da zai faru, ga inda ake so magana ta kai, shi kuma ya zuba daga kansa, kamar yadda ƙungiyoyin wasan daɓe suka saba. Ke nan takarda ba ta da iko a wurin ɗauka. Mai iko shi ne wanda ya san maɓallan kyamara, kuma da yawansu ma'aikatan gidajen talabijin ne ko masu ɗaukar bidiyon biki da suka koya a hannunsu. Yaron da ya zo ɗaukar fitila ya ji ubangidansa yana cewa sin, shi ma ya ce sin. Bayan shekara biyar ya zama darakta, ya koya wa nasa yaran.

Mujallu ne suka ba waɗannan kalmomi haruffa. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fita a watan Maris na 1999, kuma a shafukanta da na 'yan uwanta ne mai karatu ya saba da ganin furodusa da darakta da lokeshan a rubuce da ƙa'idar Hausa. Sunan masana'antar kansa daga mujalla ya fito: Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiri Kannywood a mujallar Tauraruwa a 1999, shekara uku kafin a fara jin Nollywood. Muna alfahari da wannan rigaye, amma mu faɗi gaskiya, sunan kwaikwayon Hollywood da Bollywood ne, babu Hausa a cikinsa sai Kano, ita ma an datse ta.

Akwai wuri ɗaya da aka yi ƙoƙarin fassara da gangan, wato jerin sunayen da ke hawa a farko ko ƙarshen fim. A nan ne za ka ga labari, tsara labari, ɗaukar hoto, sauti, haske, kwalliya, sutura, ci gaban shiri, shiryawa, ɗaukar nauyi, ba da umarni. Wasu sun zauna daram. Kwalliya da sutura da haske ba sa bukatar a roƙi kowa ya karɓe su, don dama suna cikin bakin mutane. Mai ba da umarni kuwa ya samu gida a jarida da labaran rediyo, amma a wurin ɗauka ba mai kiran sa. Gaɓa shida ce a kan gaɓa uku ta darakta, kuma wanda rana ke shirin faɗuwa bai gama aikinsa ba, gajeriyar zai ɗauka. Ban da haka ma, umarni bai ɗauke aikin duka ba. Wanda ke zaɓen inda kyamara za ta tsaya da yadda za a ji zafin rabuwar masoya ya wuce mai ba da oda kamar saje a fareti.

Wadda ta fi ba mu ciwon kai ita ce tace. A jerin sunaye, tace hoto shi ne aikin edita, mai yanka da jera hotuna. A 2001 kuma gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, ita ma tace take yi. Don haka in aka ce “fim ɗin yana wajen tacewa”, ba ka san ko yana kan kwamfutar edita ba ne ko yana gaban hukuma. Ga hukumar kalmar ta dace, don mataci abin da ba a so yake tarewa. Edita kuwa gini yake yi, yana ɗora wannan hoto a kan wancan har ma'ana ta fito. Haɗa hoto ya fi kusa da aikinsa, kuma wasu suna amfani da shi.

Kada a ce 'yan fim ba su ƙirƙiri komai ba. Inda harkar ta zama tasu ta kansu, wato kasuwa da gulmar cikin gida, nan suka nuna gwaninta. A zamanin kaset furodusa kan buga kwali, wato bangon da ke ɗauke da hotunan 'yan wasa, ya kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata tare da masta, su kuma su buga kaset su saka a ciki. Saboda haka da yawan kwalin da ya tafi ake auna nasarar fim. Finafinan barkwanci masu arhar shiryawa irin na marigayi Rabilu Musa Ibro aka kira su camama, na soyayya da rawa da waƙa kuma santimental. In aka ɗauko labarin fim ɗin Indiya aka sa masa riga da hula, sai a ce wanki aka yi, kalma ɗaya da ta ƙunshi suka da dariya. Satar fasaha ma Hausa ce tsantsa, kuma ta shiga har takardun hukuma. Mamin kuwa, wato ɗan wasa ya riƙa motsa baki a kan waƙar da wani ya rera a situdiyo da fiyano, aro ce, amma ta narke har ba a jin baƙuntarta. Da finafinan Indiya masu magana da Hausa suka cika wayoyi, irin na kamfanin Algaita, fassara da ɗora murya aka ce, ba a nemi taimakon kowa ba.

Sai jarumi. A Hausar da, jarumi shi ne wanda ya tsaya a fagen fama bai gudu ba. Yau duk wanda ya fito a fim jarumi ne, ko da matsoraci ya fito, ko da sau ɗaya ya gifta da tiren shayi. Tauraro kuma a aji yana nufin mutumin cikin labari, a mujalla yana nufin ɗan wasan da ya yi suna. Mu mutanen Gwarzo ma ba a bar mu a baya ba, don sunan garinmu ya zo ɗaya da kalmar da ake raba kyauta da ita, kowace shekara sai an fitar da gwarzon darakta da gwarzon jarumi. Inda abin ya shafe mu shi ne wajen sharhi. Idan muka rubuta cewa “jarumin bai burge ba”, mai karatu bai san ko rubutun ne ya gaza gina mutumin cikin labarin ba, ko ɗan wasan ne bai iya ba. Ɗan wasa tsohuwar kalma ce, ba ta da aibu, kuma ita ce ke raba gardamar.

Kalmar da ta fi kowace samun nasara a 'yan shekarun nan ba a san wanda ya fara faɗinta a bainar jama'a ba, ta dai bazu. Bayan tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan Labarina na Aminu Saira da Izzar So a YouTube suka biyo, sai aka bukaci suna ga fim ɗin da ba ya ƙarewa a zama ɗaya. Aka ce mai dogon zango. Zango shi ne inda ayarin fatake ke sauka su kwana a hanyar Gwanja, kuma shi ne tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Makaranta ta riga ta are shi ta yi zangon karatu. Yanzu ga shi ana cewa zango na uku, kashi na 10, daga mai shiryawa har yaron da ke tura finafinai a memori a bakin tashar Gwarzo. Ta yi nasara ne don gajeriya ce, tana da hoto a cikinta, kuma mai kallo da mai shiryawa duk suna bukatarta a rana ɗaya. Ga shi kashi na littafin wasan kwaikwayo ya samu shiga ta bayan gida.

Dogon zango ya kuma canza matsayin takarda. Ba a iya ɗaukar kashi 13 da ka, dole a rubuta, dole kowa a wurin ɗauka ya riƙe kwafi. Ta haka abin da marubuci ya sa a kan shafi yake isa idon mai kyamara da mai haske da mai sutura kowace safiya. In muna rubuta labari a kan 'yan fim, to a bakinsu lokeshan da sin za mu sa, don haka suke magana, kuma darakta da ke ihun “a yanke ɗauka” a cikin littafi ba wanda zai yarda da shi. Amma kan shafin namu ne. Ba abin da zai hana a rubuta: Fitowa ta 4. Ciki. Ɗakin Hajiya. Dare. Ciki da waje, dare da rana, hoton kusa da hoton nesa, waiwaye a maimakon filashbak, duk mai kyamara zai karanta ya gane ba tare da ya tambayi kowa ba.

Ita fitowa ce ke da 'yar matsala, don tana da wasu ayyukan a masana'antar: fitowar fim kasuwa, fitowar ɗan wasa a matsayin malami ko ɗan sanda, wasu ma da ita suke ƙirga kashi-kashin dogon zango. Wasu rubutattun wasanni sun yi amfani da shiga a wannan gurbi, sai dai ita ma a fim ba kullum ake shiga ba, sau da yawa kyamara kan tarar da mutane a zaune ne suna tsakiyar magana.